Waƙa Uku, Sai Waje

Noreen Paszek ta tsufa ne a ɗan lungun nan tsakanin dandamali da 'yan kallo, inda ake cusa masu ɗaukar hoto. Duk wani mai kaɗa gita da ya yi suna a Detroit, ta ɗauke shi tun yana kwana a mota. Ladan da ta samu shi ne kunnuwa biyu da ƙarar lasifika ta kashe. Sai ta kalli bakinka take gane me kake cewa.

Mawaƙi Dwight Halloran ne ya fi kowa cin kunnuwan nan. Tun yana ihunsa a mashaya ba mai saurare take binsa. Hoton da ta yi masa, ya jiƙe sharkaf, jijiyar wuya a miƙe, shi ya sayar da faifansa na farko. Da ya yi suna ya aje tumbi, sai ga doka: waƙa uku, masu hoto su fita. Wai daga nan gumi ke ɓata masa fuska. Gumin da ya ciyar da shi! Noreen ta tsani dokar nan kamar mutuwarta.

Ranar wasansa na bankwana, da la'asar a filin bakin kogi, abu ɗaya take so: hoto guda na tsohon bayan ya jiƙe. Ta aika masa saƙo, shiru. Waƙa ta uku na ƙarewa wani ƙaton mai tsaro ya tare gabanta.

"Kaka, lokaci ya yi," in ji shi.

"Kakarka na gida. Matsa min."

"Doka ce, ba ni na kafa ba."

"Na san butulun da ya kafa ta. Ni na ciyar da shi lokacin da ko wando na biyu ba shi da shi."

Ya tasa ƙeyarta. Ta kutsa cikin taron ranta na tafasa, ta rantse ba za ta waiwaya ba. Ta ga mutane na nuna ta suna ɗaga hannu, ta ɗauka tsiya suke mata, ta ɗaga musu yatsa ta wuce.

Washegari ƙanwarta Bernice ta zo da waya, ta nuna mata abin da wani ɗan kallo ya ɗauka. Ga Dwight ya tsayar da kiɗa, gumi na zuba daga haɓarsa. Noreen ta bi leɓensa da ido. "Ina Noreen? Ku dawo min da ita, yau sai ta ga ƙarshe." Ya yi ta kira, taron na taya shi. Can gefe ga bayanta, tana ficewa.

Bidiyon ma a karkace sakaran ya ɗauka.

"Shekara da shekaru yana da baki," ta ce. "Sai da ya gama kashe min kunne zai kira ni?"