Asabar ɗin da Baba ya tare ƙofar jirgi

Duk abin da zan manta na zamana a London, ban da ranar da mahaifina ya hana mutane hawa jirgin sama.

Baba makanikin jirgi ne a Kano har ya yi ritaya. Lokacin da muka kawo shi gidanmu na Abbey Wood ganin likita, mantuwa ta riga ta ci ƙarfinsa. Yau ya san ni, gobe ya gaishe ni kamar baƙuwa. Maigidana ne ya ce a kai shi wani gidan adana jirage a bayan gari ko zai ɗan sake. Na sayi tikitin shiga, muka tafi ni da Baba.

A can akwai wani ƙaramin jirgi mai farfela biyu. Dattijon Baturen da ke kula da shi ya ce shi aka fara ƙerawa don gwaji, kafin a yi sauran da ke jigila tsakanin ƙananan garuruwa. Da aka gama da shi aka yasar a fili ruwa na dukansa, har su tsofaffin ma'aikata suka ɗauko shi. Duk Asabar sai su goge shi, su juya farfela da hannu don kada ta cije. Na ce yaushe zai tashi, ya ce ai ba zai ƙara ba. Ni dai ban gane amfanin wahalar ba.

Ina juyowa na hango Baba a kan matakalar jirgin, ya ware hannuwa, mutane sun yi layi suna jiran shiga kallo.

"Ba mai hawa. Wa ya sa wa jirgin nan hannu ya tashi? Injin hagu babu bututun mai."

"Baba, don Allah sauko, ana kallonmu."

"Hajiya, koma layi. Ranki nake tsare miki."

Kaina ya ɗaure. In ce masa jirgin kallo ne, in kunyata shi a gaban jama'a? Ko in yi masa ƙarya, abin da ban taɓa yi ba? Ga mai gadi ya nufo mu. Sai salati nake a zuci.

Dattijon ya tambaye ni me Baba ya ce, na fassara. Ya leƙa injin, ya ɗago ya dubi Baba.

"Gaskiyarka, injiniya. Babu shi, kuma jirgin nan ba zai tashi ba. Za ka duba mana na dama?"

Baba ya sauko da kansa. Suka daɗe a ƙarƙashin fiffike, Baba yana ba da umarni da Turancin da na yi shekaru ban ji a bakinsa ba.

Har muka koma gida bai gane ni ba, kuma har Allah ya karɓi abinsa ban san me yake gani a ranar ba. Amma daga nan na daina gyara masa zance. Na koyi in nutsu in nemo gaskiyar da zai iya ɗauka, in ba shi ita da mutuncinsa.