Igiyar Gugan Inna da Injin Maraɗi

Inji na lilo a reshen tsamiyar ƙofar gidanmu a Jibiya, mu huɗu mun riƙe igiya muna nishi, sai ga Inna ta fito da guga a hannu.

A shekarun 1970 ne, kuɗin fetur sun shigo. Injin 'yar motata ya buga, na sayo wanda ya fi shi girma a Maraɗi. Ba mu da abin ɗagawa, sai na kwanto igiyar rijiyarta. Yau ɗin nan na ga wani inji rataye a gareji, shi ne wannan tsohon labarin ya faɗo mini a rai.

Ta ce, "Sale, da mi zan ja ruwa?"

Na ce, "Inna, in na saki yanzu, ni da mota sai labari."

"To, in ta tashi, ni za a fara ɗauka."

Da muka gama saka injin, murɗa makulli ɗaya motar ta tashi, har kajin maƙwabta suka watse! Sai bonet, murfin gaban motar, ya ƙi rufuwa don girman injin, muka ɗaure shi da igiyar nan dai. Haka na kai Inna Magama, tana gaba tana ɗaga wa mutane hannu.

Igiyar ba ta sake ganin rijiya ba. Ku fa, me kuka ara a gida bai dawo ba?