Saura taku arba'in tsakaninmu da ramin tsakuwa

Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa. Tun bara, duk Juma'a in zan kai awakinmu kiwo, sai in ƙirga takuna daga katangar gidanmu zuwa bakin ramin da ake haƙar tsakuwa a bayan unguwarmu, nan gefen Gusau. Da farko taku ɗari da goma ne. Yanzu saura arba'in.

Jiya Baba ya dawo daga taro a gidan mai unguwa ransa a ɓace. Wai mai ramin ya rantse bai matso ba, mutanen unguwa kuma ba su da shaida.

Ina ajiye masa ruwa, sai na faɗi abin da na ƙirga, kaina a sunkuye.

Ya dube ni ya ce, "Ke Hadiza, wa ya sa ki wannan aiki?"

"Ba kowa, Baba. Da damina ramin cika yake da ruwa, ga shi can ƙanena Sani ke wasa."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na yanke shawarar bin Baba taron da za a sake yi ranar Asabar in faɗa da bakina.

Ku da kuka taɓa magana gaban manya, yaya kuka yi muryarku ba ta yi rawa ba?