Ranar da Na Toshe Ruwan da Babu

Shekara talatin hawashata, wato gonata a Jazira ta Sudan, tana jingine da ta maƙwabcina. Abu ishirin ɗaya ke shayar da mu, wato ƙaramar magudanar da ke raba wa gonaki ruwa. Tare muke shuka auduga, da hantsi mu zauna gindin bagaruwa mu sha jabana, gahawar da ake dafawa a 'yar butar ƙasa. Shi ke kawo gahawa, ni sukari.

Wata shekara bayan an gama cirar auduga, an rufe ruwa, ƙasa ta tsattsage, sai ya ce mini gwiwoyinsa sun gaji. Zai bar wa ɗan ƙanensa hawashar, ya koma Rusairis wurin babban ɗansa. Na ce Allah ya sa alheri. A hanyar gida wani abu ya tokare mini ƙirji.

A lokacin abu biyu kawai na sani suna damun namiji a ciki, yunwa da fushi. Haka na taso na ga iyayenmu. Na isa gida na ci tuwon dawa kwano biyu, abin bai sauka ba. Na ce to, ashe fushi ne. Saura in gano abin da ya yi mini.

Kwana uku ina laluben laifinsa ban samu ba. A na huɗu na yanke cewa ruwa yake sace mini, domin a Jazira duk faɗan da ya san darajar kansa a kan ruwa ake yin sa. Sai dai babu ko ɗigo a abu ishirin, ƙadangaru ke shan rana a ciki. Na ɗora wa jaki jarka biyu, na ɗebo ruwa a famfon gari, na kwaɓa laka, na toshe bakin da ruwa ke bi ya shiga gonarsa.

Washegari ya gani, ya zaci wani mahaukaci ne ya ratsa, ya buɗe. Na sake toshewa. Jakin har ya haddace hanya. A rana ta biyar ya same ni tsugune, laka har gwiwar hannu.

Ya ce, “Kai tsoho, me kake tarewa? Ƙadangarun ne ba ka so su shigo mini?”

Ya tuntsire da dariya. Dariyar nan na san ta shekara talatin, kuma ta kusa tafiya Rusairis. Abin da ke ƙirjina ya taso, na kai masa ƙotar fartanya a baki. Haƙorinsa na gaba ya faɗa cikin lakar. Muka durƙusa mu biyu muna lalube, jini na zuba, ba mu same shi ba.

Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci don sulhu. Samad, mai raba mana ranakun ban ruwa, ya tambaye ni ruwa nawa aka sace. Na ce duka. Ya ce ina shaida? Na ce su je su duba da idonsu, ko ɗigo bai bari ba. Wani dattijo ya ce in haka ne a gaggauta aikawa Makwar a ga ko ya bar musu wani abu a babbar madatsar da ke ba mu ruwa. Aka sa na nemi gafara, na nema da baki. Shi kuwa ya yafe, maganarsa na yin fito ta giɓin.

A gida matata tana yin kisra, wainar dawar nan mai fele-fele, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Malam, kai ba fushi kake ba. Kewa ce ta riga ranarta zuwa.”

Na daka mata tsawa, domin ita ma maganar ta tokare ni, kuma na riga na ci abinci.

Ranar tafiyarsa na ƙulle sukari a leda na nufi inda motar Managil, wadda zai fara shiga, ke tsayawa. Tun daga gida nake bitar kalma uku: zan yi kewarka. Da na isa tagar motar sai suka maƙale, abin da ya fito shi ne, “In ka tafi wa zai riƙa sace mini ruwa?” Da muryar faɗa na faɗe shi, har mutum biyu suka riƙe ni ta baya. Ya miƙo hannu ya karɓi sukarin, ya dube ni kamar yana jiran saura. Motar ta tashi.

Da aka sako ruwa a shekarar, ya wanke lakar, na tsinci haƙorin a bakin gonarsa. Na sa shi a gwangwanin sukari, na ce bayan shuka zan kai masa Rusairis tare da kalmomin nan uku. Bayan shuka na ce bayan noma. Ina cikin wannan lissafi labarin rasuwarsa ya zo.

Yanzu in abu ya tokare ni, nakan zauna in tambaye shi sunansa kafin in nemi fartanya. Sau da yawa tsoro ne, wani lokaci kunya. Haƙorin yana nan a gwangwani. Matata ta ce in binne shi, na ce bayan girbi.