Baban Marisol a Bakin Murhunmu

Shekarar da injin ɗumama gininmu ya lalace, a kicin muka ci sanyin hunturu. Muna hawa na huɗu a unguwar University Heights, can ƙasar waje. Baba da Mama duk a asibiti suke aiki, sai su bar ni da ƙanena Sani a hannun Kaka, wadda aka ɗauko daga Zariya don ta riƙe mu. Da an idar da magariba sai ta kunna murhun gas, ta toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane, mu zauna a ƙasa cikin rigunan sanyi tana ba mu tatsuniya. Muna jin Hausarta sarai, amma da Turanci muke yi mata tambaya, ita kuwa ta yi kamar ba ta ji ba sai mun juya harshe.

Ta ukunmu ita ce Marisol, 'yar maƙwabcinmu Ramon, mutumin birnin Santo Domingo mai jin Sifaniyanci. Ba ta wuce shekara biyar ba. Uwarta ta rasu kafin sanyi ya shigo, masana'antar ɗinkin da yake aiki kuma ta rufe, ya koma tuƙa tasi da yamma. Turancinsa da na Kaka bai wuce gaisuwa ba. Yakan ƙwanƙwasa, ya turo yarinyar, ya dafa ƙirji ya ce “Abuela”, wato kaka. Ita kuma ta ce, “Baban Marisol, Allah ya kiyaye hanya.”

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa a lokacin, ni kuma ina juya wa Marisol ita da Turanci. Wani manomi ne matarsa ta mutu ta bar masa jaririya. Ya goya ta ya shiga garuruwa neman mai shayarwa. Duk gidan da ya yi sallama sai mata su fito suna hawaye don tausayi, su ce ya miƙo ta ya yi tafiyarsa, goyo ba aikin namiji ba ne. Ya ƙi. Ya yi ta tafiya har kukan jaririyar ya dushe. Sannan Kaka ta kawo wata tsohuwa mai akuya ɗaya a bakin daji, ta canja murya ta ce, “Ku shigo ku biyu. Wanda ya goyo ta har nan, shi ma yana jin yunwa.”

Ana tsakiyar sanyin Marisol ta kamu da ciwon ƙirji, aka kwantar da ita a asibiti. Wata ma'aikaciyar kula da yara ta zo ta duba ɗakinsu, ta ce ko Ramon ya nemo wuri mai ɗumi ko a ɗauke yarinyar. Baba ya raka shi nema ranar hutunsa, saboda Turanci. Gidajen agajin da ke karɓar mutum da ɗansa na mata ne, na maza kuma ba a shiga da yaro. Ajin reno da aka ce ya halarta mata ne zalla, da Turanci. Duk inda suka je tambaya ɗaya ce, ko yana da uwa ko 'yar'uwa da za ta riƙe masa ita. Kaka ta ce a bar mata. Aka ce ba dangi ba ce, kuma namu ɗakin ma sanyi ne.

Daga asibiti aka wuce da Marisol wurin masu riƙon da hukuma ta zaɓa. Ran nan da magariba Ramon ya ƙwanƙwasa, shi kaɗai. Ya zauna a ƙasa inda Marisol take zama, ƙaton mutum da shi. Kaka ta zuba masa tuwo ta tura gabansa. Yana magana da Sifaniyanci, tana ba shi haƙuri da Hausa, su biyun suna kuka. Sani ya ce a yi tatsuniya, ta ce yau babu.

Ramon ya yi ta zaryar kotu. Har muka tashi daga ginin bai karɓo ta ba, daga nan kuma labarinsa ya ɓace mana.

Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne tsohuwar nan mai kirki ce, sauran matan mugaye. Sai da na gama karatu na fara aiki a wata cibiyar unguwa, aka sa ni cikin masu tsara taimako ga iyaye maza masu jin Sifaniyanci, sannan na gane matan nan da gaske suke hawaye. Tausayin jaririyar ne ya hana su ganin mai goyon. Abokan aikina sukan ce maza ba sa zuwa. Na ce mu buɗe da yamma, da harshensu, da tukunyar shinkafa a wuta, kowa ya shigo da ɗansa. Suka zo, har kujeru suka kasa.

Duk dattijon da ya shigo shi kaɗai, nakan tambaye shi sunan 'yarsa kafin nasa. Har yau ban samu wanda ya ce Marisol ba.