Kujerar da Na Zaunar da Shi

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da zan ba da labari ni direban haya ne, ina jigila tsakanin Kazaure da Roni, wani lokaci in leƙa Gwiwa. Ba ni da dukiya, amma ina da mata da 'yarmu ɗaya, da ɗakuna na ƙasa da na gada a gindin dutse. Damina ɗaya ta raba ni da komai. Ruwa ya gangaro ya kwantar da ɗakunan, ba a jima ba injin motata ya buga. Na kai matata da yarinyar gidan iyayenta a Gwiwa, surukina ya karɓe su da mutunci, ya ce su zauna har in sami inda zan saka su. Da ya tambayi inda zan riƙa kwana, kunya ta sa na ce wani abokina ya ba ni ɗaki. Babu wani ɗaki. Motar na tura bayan tasha, ƙarƙashin wata darbejiya.

Ba ni kaɗai ba ne a layin matattun motocin nan. Akwai masu lodi, akwai wani dattijo mai faci, kowa da tasa, mun san juna amma ba ma zancen. Na liƙa kwali a gilasai, kujerar baya ta zama gadona. A but ɗin motar na adana kwanuka da kulolin matata da na tsamo daga laka na wanke su tas, ina jiran ranar da za ta dawo. Kafin gari ya waye na yi wanka a masallaci na sa kaya masu tsabta, duk direban da ya gaji in karɓi motarsa in yi masa lodi ɗaya, da haka nake tara bulo don in sake gini. Mutum ɗaya na gaya wa sirrina, abokina tun firamare, wanda aka saka a kwamitin tsabtace gari. Na gaya masa ne don ya sanar da ni in za a zo kwashe motoci. Ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina.

Sai aka fasa wasu shaguna kusa da tasha, aka fara cewa masu kwana a mota ne. Ranar kasuwa da hantsi kwamiti ya iso da motar janwe, abokina a gaba, sabon ɗan kwamiti mai son manya su ga ƙwazonsa. Ya wuce motocin da ke farkon layi ya miƙe zuwa tawa. Ya buɗe ya riƙa jefo bargona da filo da buta a ƙasa, sannan ya ɗaga kular matata sama yana tambayar jama'a ina namiji mai kwana a mota ya samo kayan mata. Aka yi dariya, wani ya ce ɓarawo. Ina ɗaga kai na ga surukina tsaye da buhun taki yana jiran motar Gwiwa. Ya gane kulolin, shi ya saya wa 'yarsa su. Ya matso kusa da ni ya ce, "Da ka gaya mini gaskiya, da zaurena ya ishe ka."

Daga ranar nan aurena ya fara mutuwa. Dangin matata suka ce ba za su mayar da 'yarsu hannun wanda ya yi musu ƙarya, aka kuma kira shi ɓarawo a bainar jama'a ba. Na yi ta sintiri, na tura dattawa, a banza. Yanzu tana aure a Babura, 'yata a gidan wani take girma. Motar kuwa 'yan gwangwan na sayar wa, amma na cire kujerar baya na riƙe. Allah ya sake buɗa mini, na yi mota, na yi gida, na ajiye kujerar a zaure. Ba zan ɓoye muku ba, shekaru na yi ina fatan in ga abokin nan nawa a wulaƙance.

Bara zai tafi aikin Hajji, ya shiga bin gidaje yana neman gafara kamar yadda aka saba. Da la'asar ya yi sallama a ƙofata. Na shigo da shi, na nuna masa kujerar ya zauna. Ya ce ya zo ne in yafe masa abin da ya yi mini, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Na tambaye shi ko ya gane abin da yake zaune a kai. Ya shafa yagaggiyar ledar, can ya ce aiki aka sa shi. Na ce masa, "Allah ya kiyaye hanya." Ya zauna yana jiran sauran maganar har aka kira magariba, ban ƙara ko kalma ba. Wallahi na ji daɗin ganin yadda ya fita yana laluben takalminsa. Amma da na dawo daga masallaci, gidan yana nan shiru yadda na bar shi.

Na san malamai za su ce yafiya ta fi, ban musa ba. Abin da na koya shi ne kunyar da ta sa na ɓoye wa surukina halina ta fi ruwan nan yi mini ɓarna, don haka duk wanda ya shiga matsi ya gaya wa nasa gaskiya tun da wuri. Ku kuma da aka ba ikon kwashe motoci a gefen hanya, ku sani wata motar ɗakin mutum ce. Ku ƙwanƙwasa, ku ja shi gefe, ku ba shi lokaci ya kwashe kayansa. Shi abokin nawa ya dawo lafiya, ya aiko mini da dabino da zamzam, na raba wa maƙwabta. Har yau ban ce na yafe ba, kujerar kuma tana nan a zaure.