Ƙarfen da Yatsun Kaka Ba Su Zagaye Ba

Yau na ga ana shafa wa ƙarfen dafawa na matakalar wani biro, wato ofishin gwamnati, a Gure sabon fenti, raina ya ɓaci. Shi ne dai na shekarun 1990, mai faɗi kamar allo.

Kakana masassaƙi ne. Kafin ya sassaƙa ƙotar hauya sai ya auna tafin mai ita, ya ce, "Abin da yatsu ba su zagaye ba, ba a riƙe shi ba."

Ranar da na raka shi biron nan karɓar takarda, rana ta gasa ƙarfen. Ya laluba, ya ce, "Jikana, don hannun wa aka yi wannan?" Hannun ya zame, ya faɗi, ƙugunsa ya karye, bai sake tashi ba.

Allah ya jiƙan Kaka. Waɗanda suka kafa ƙarfen kuwa, Allah ya ja kwanansu su hau matakalar nan da gwiwar tsufa.